Malam Uwaisu Duba-gari da Rijiyoyin da Muka Ɓoye

Da an idar da sallar asuba, tun kafin jiniyar masaƙa ta kira ma'aikatan safe, Malam Uwaisu ya riga ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba ya hau keke. Kakinsa kullum a goge yake. A bayan keken akwai wata tsohuwar jakar fata, cikinta tocila da ludayi mai dogon hannu da littafi mai baƙin bango, a gefe kuma ya ɗaure wata sanda da ya yi wa tsage-tsage don auna zurfin ruwa. Ba ya bin tsakiyar titi yadda sauran masu keke ke yi. Bakin lambatu yake bi, kansa a sunkuye, yana leƙa kowane kwalbati kamar ya yi ajiya a ciki. In ya tarar da wani ya toshe, sai ya jingine keken ya naɗe hannun riga. Shekara ashirin da tara ya yi yana wannan aiki na duba-gari tsakanin Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma ƙarshen watan jiya ya ajiye shi.

Ba a yi masa walima ba, ba a ba shi agogon bango ba. Ni ma a bakin wani mai faci na ji. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abinci da daɗi, domin na san abin da mutumin nan ya yi wa unguwarmu, na kuma san abin da muka saka masa da shi. Shi ya sa na ɗauki biro. In kun ga na ambaci laifin wasu a nan, ku yi haƙuri, nawa ya fi na kowa girma kuma zan zo kansa.

Unguwarmu, Gangaren Marke, tana kudu da titin da ya tashi daga Sharaɗa ya nufi Challawa. In ka tsaya a ƙofar gidanmu ka dubi arewa, tsallaken titi, katangun kamfanonin jimar fata za ka gani. A wancan lokaci ba mu da famfo. Abin da muke da shi rijiyoyi ne a cikin gidaje, waɗanda iyayenmu suka haƙa ba su tambayi kowa ba. Doka kuwa tun zamanin En'e ta ce rijiya sai da izini, sai an ɗaure bakinta da siminti, sai kuma ta yi nisa da masai. Wadda ba ta cika wannan ba, duba-gari na da ikon ya sa a cike ta da ƙasa.

To mu ma muka yi tamu dabarar. Gidanmu ne na farko daga titi, don haka mahaifiyata, Inna Talatu, ita ce mai gadin unguwa. Da ta hango kaki a kan keke, sai ta ɗauki taɓarya ta doki turmin da ba komai a ciki, sau uku, ta tsaya, ta ƙara uku. Maƙwabciya ta karɓa, ta gaba ta karɓa, kafin mutum ya gama jingine kekensa maganar ta kai ƙarshen gangare. Kowane gida akwai azara uku ko huɗu a ajiye. A jera su a bakin rijiya, a shimfiɗa tabarma, a baza barkono ko kuɓewa, guga da igiya kuwa a cusa ƙarƙashin gado. Mun gwanance ƙwarai. Har alfahari muke yi a majalisa cewa duk ƙasar Kumbotso babu unguwar da ta iya raina wa duba-gari hankali kamar tamu.

Malam Uwaisu zai yi sallama, a ba shi izini ya shigo. Ya haska randa da tocila, ya ɗebi ruwa da ludayi ya duba ko da tsutsa, ya leƙa bayan gida, ya yi faɗa a kan kwatar da ba a share ba. In zai fita sai ya tsaya a gaban tabarmar, wadda ke shimfiɗe a inuwar bishiyar darbejiya, ƙasar gefenta jiƙe sharkaf, ya ce, "Inna, barkonon nan naku har yanzu bai bushe ba?" Ita kuma ta ce rana ce ba ta da ƙarfi bana. Ya gyaɗa kai, ya ce a riƙa tafasa wa yara ruwan sha, ya wuce. In ya tafi mu yi ta dariya muna cewa bawan Allah nan idonsa ado ne kawai. Shekara goma sha ɗaya muna wannan dariya, babu wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa ko akwai mai hankalin da ke shanya a inuwa.

Abu ɗaya ne ba mu yi wa dariya, shi ne ruwan jima. Yana fitowa daga ƙarƙashin katangun kamfanonin, ya bi wani rami a gefen arewa na titi ya gangara kogi. Wata rana baƙi ne, wata rana ruwan toka, wata rana jaja-jaja, gashin fata na yawo a kansa. Ciyawa ba ta fitowa a bakinsa, kuma ko da damina ba ka jin kukan kwaɗo a wajen. In iska ta juyo, warinsa har cikin tuwo yake shiga. Na ga akuyar da ta sha shi, na ga yadda ta mutu, ba na so in bayyana. Amma titi na tsakaninmu da shi, kuma ƙasar ta karkata shi nesa da mu, don haka muna toshe hanci mu wuce.

A shekarar 1978 aka ce za a faɗaɗa titin, domin tireloli sun yi masa yawa, biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta sauka ƙasa. Kafin a fara aiki aka turo masu zagayawa su rubuta abin da hanyar za ta taɓa: gidaje, itatuwa, maƙabarta, rijiyoyi, da inda ruwa zai bi. Aiki ne mai kyau, don amfaninmu aka yi shi, sai dai babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana haka. Mu dai mun ga Landiroba ta tsaya, mutum huɗu sun fito da takardu, ga kuma Malam Uwaisu a gaba, don shi aka ɗauko ya yi musu jagora. Inna ta doki turmi yadda ba ta taɓa doka ba. Ranar ko gidan da ba ya shanya sai da ya ari barkono. Aka shiga gida-gida, aka tambaya, kowa ya rantse cewa daga kogi muke ɗebo ruwa ko mu saya wajen 'yan garuwa. Ni kaina na faɗi haka, ina kallon mai rubutu ido cikin ido. Ya rubuta cewa babu rijiya ko ɗaya a gefen kudu.

Malam Uwaisu yana tsaye, bai ce uffan ba. Daga baya ya gaya mini cewa wannan shirun ne babban kuskuren aikinsa. Ya ɗauka ƙidaya ce kawai irin wadda ake yi a ajiye a kabad. Ya kuma san in ya yi magana za a cike mana rijiyoyi, mu koma shan kogin da ruwan jima ke zuba a ciki.

Wata takwas bayan haka ya je ofis kai rahoto, ya ga taswirar sabon titi manne a bango. Ya tsaya yana bin jan layi da yatsa. Katangar kamfani ba ta matsawa, don haka masu tsarawa suka ga a cike ramin arewa a shimfiɗa kwalta a kansa, shi kuma ruwan jima a tsallako da shi ta kwalbati zuwa kudu, ya bi ta gaban gidajenmu. Tunda takarda ta ce ba rijiya a wajen, ba sai an ɓata siminti ba, ramin ƙasa ya isa. Ya taɓa aiki a wani ɗan ƙauye da irin wannan rami ya bi ta gefensa. Damina biyu kacal ruwan rijiyoyinsu ya canza, kuma a ta biyun ya bi gawar yara huɗu zuwa maƙabarta. Ya tambayi yaushe za a fara haƙa, aka ce saura kwana goma sha biyu.

Ranar da la'asar ya zo ƙofar gidan Mai unguwa Ashafa, dattijon da ke riƙe da unguwarmu. Bai sa kaki ba, wata farar riga ce ta gida a jikinsa, har Inna ba ta gane shi ba ballantana ta doki turmi. Aka tara magidanta. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce gida goma sha tara ne ke da rijiya a Gangaren Marke, ya fara lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai gida, da gefen da rijiyar take, har da wadda igiyarta ta tsinke bara. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai san da wata rijiya ba.

Sai Malam Uwaisu ya zana titin a ƙasa da sandarsa, ya nuna mana inda ramin zai bi, ya ce jajayen turakun da aka kafa a ƙofofinmu, waɗanda muke murna da su muna cewa kwalta ta zo mana har gida, na ramin ne. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage: ya kawo injiniyan aikin ya ga rijiyoyin da idonsa. Wani ya tambaya ko in an gani ba za a cike ba. Da wani ne, da ya lallashe mu da ƙarya, kuma da mun bi shi. Shi kuwa ya ce waɗanda suka yi kusa da masai dole a cike su, doka ce, ba zai iya hanawa ba. Aka ce kamar ta wa? Ya juyo ya dube ni.

"Taku na ciki, Malam Sule," in ji shi. "Taku goma sha biyu ne tsakaninta da masai."

Ga laifina. Na miƙe tsaye, na ce wa jama'a tarko ne. Na ce mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ƙirga mu a ɓoye ba abin yarda ba ne, ƙarin girma yake nema da rijiyoyin iyayenmu. Na yi aiki a masaƙa, na iya ɗan karatu, don haka maganata ta shiga. Malam Uwaisu ya ce kawai zai kawo injiniya ranar Alhamis da hantsi, kuma ya yi alkawari a gaban kowa cewa hannunsa ba zai ɗaga tabarmar kowa ba, wanda ya ga dama ya ɗaga tasa. Ya goge zanen da ƙafarsa ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Aka kawo katafila aka ajiye a mararraba, bakinta na kallon unguwarmu. In zan tafi aiki sai in tsallaka titi in tsaya a bakin ramin arewa ina kallon baƙin ruwan, in auna da ido tsakanin jan turke da katangarmu, taku shida ne. 'Yata Safiyatu na da wata biyar a lokacin. In na jawo guga da safe sai in sansana shi kafin in zuba a randa, alhali ba a haƙa komai ba tukuna. Ta ɗaya gefen kuma rijiyar nan mahaifina ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da ya auri Inna, da ruwanta Inna ta yi wankan jegonmu, da shi aka yi masa wankan gawa. Ina tsoron mu buɗe a cike ta, ina tsoron mu ɓoye ta zama guba. A majalisa kowa sai ya yi ta cika baki, amma na lura babu wanda ke zama bayan magariba. Inna kuwa na sha ganinta tsaye a bakin rijiyar, ba ta ja ruwa ba, tana tsaye kawai.

Abin da ba mu sani ba shi ne abin da Malam Uwaisu ya jingina don a saurare shi. Injiniya Alhassan, wanda ke kula da aikin titin, shi ya ba ni wannan labari bayan shekaru. Ya ce mutumin ya zo masa sau uku, shi kuma yana ce masa takarda ta riga ta wuce kwamiti, ba a sake taswira saboda maganar baki. A zuwa na huɗu sai ya ajiye masa wasiƙa da sa hannunsa, yana cewa ya san da rijiyoyi goma sha tara tun 1968, bai kai rahoto ba, kuma ya yi shiru ranar ƙidaya. Injiniya ya ce ya karanta sau biyu, ya tura masa ita, ya ce ya ɗauke abarsa, domin wannan takarda kaɗai ta isa a kore shi ba fansho, ga shi da 'ya'ya shida. In kuma aka je ba a ga rijiya ba, ya zama maƙaryaci a rubuce. Malam Uwaisu ya sake turo ta gabansa ya ce a sa mata hatimi.

Ranar Alhamis na roƙi izini ban je aiki ba. Hantsi ya yi, Landiroba ta tsaya a bakin titi. Ina tsakar gida na ji taɓarya ta faɗa cikin turmi, sau uku, shiru, sau uku. Inna ce. Ta ce mini daga baya ba ta yanke shawarar yi ba, hannunta ne ya riga ta. Maƙwabta suka karɓa, sautin ya yi ta gangarawa har ya ɓace, ni kuma na jera azara na baza barkono kamar kullum.

Malam Uwaisu ya sa kakinsa. Ya wuce ƙofarmu bai ko kalle ta ba, ya fara da gidan gaba. Na bi su a baya tare da Mai unguwa. Gida na farko, tabarma da kuɓewa. Na biyu, tabarma da barkono. A kowane gida Injiniya ya tambayi mai gidan ko yana da rijiya, mai gida ya dubi ƙasa ya ce babu. Malam Uwaisu na tsaye taku biyu daga tabarmar, hannayensa a bayansa, ɗaya riƙe da ɗaya. Da ya miƙa ƙafa ya ture gefen tabarma ɗaya, da magana ta ƙare, aikinsa ya tsira. Bai yi ba. Muka shiga gida bakwai a haka. A na bakwan Injiniya ya dubi agogonsa, ya rufe littafinsa, ya ce a hankali, "Malam Uwaisu, na yi iya abin da zan iya. Ranar Litinin za a fara haƙa."

Muka juyo muka nufi mota. Daga can mararraba ana jin direban katafila yana gwada inji. Da muka zo daidai ƙofarmu sai Malam Uwaisu ya tsaya, ya roƙi Injiniya minti biyar, ya yi sallama. Na rasa yadda zan hana, na ce su shigo.

Inna na zaune a gindin darbejiya, taɓaryar na jingine kusa da ita. Ya durƙusa ya gaishe ta. Bai tambayi barkono ba. Ya ce ƙishirwa yake ji, a taimaka masa da ruwa. Ta tashi ta ɗebo a randa ta miƙo masa moɗa, domin ko maƙiyinta ne ya roƙi ruwa a gidanta ba za ta hana shi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa bai sha ba.

"Inna, shekara goma sha ɗaya ban taɓa roƙon ruwa a gidan nan ba, don kada in sa ku faɗi abin da ba shi ba. Yau na roƙa. Amma sabon ja nake so."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "In na buɗe, za ka cike ta?"

"Zan cike ta, Inna."

"Na sauran mutane fa?"

"Da yawa za su tsira. In ba a buɗe ba, babu wadda za ta tsira."

Ta juyo ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, ɗan da ya iya karatu, mai baki a majalisa. A ɗaki Safiyatu ta farka tana 'yan guna-guni. Inna ta saurara kaɗan. Sai ta sunkuya ta kama gefen tabarmar ta fizge ta gaba ɗaya, barkono ya watse ko'ina, Injiniya ya kama atishawa. Ta ce mini in ɗauke azarar nan in kawo guga. Na ɗauke. Sanyin rijiyar ya bugo fuskokinmu. Ita da kanta ta zura igiyar ta jawo, ta cika moɗa ta ba shi, ya shanye tas. Injiniya ya leƙa, ya ga fuskarsa a ƙasa, ya dubi katanga, ya dubi inda jan turke yake, na ga launin fuskarsa ya canza. Ya ciro abin awo ya buɗe littafinsa.

Inna ba ta tsaya nan ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauki gugan yana ɗigar ruwa, ta fita lungu. Tsohuwar da ba ta cika fita ba sai biki ko gaisuwar mutuwa, ta bi ƙofa-ƙofa tana ɗaga gugan tana cewa ta buɗe tata. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Muka fara jin ƙarar azara ana jefarwa, gida bayan gida. Mai unguwa Ashafa, wanda bai san da wata rijiya ba, ya zame ya tafi ya buɗe biyu. Injiniya ya yi ta awo da rubutu har aka kira azahar. Da aka haɗa lissafi sai aka sami ashirin da uku. Huɗu sun ɓuya wa Malam Uwaisu duk tsawon shekarun nan, kuma har gobe masu su na taƙama da wannan.

Aka tsayar da haƙa. Taswira ta koma kwamiti ta yi wata uku, muna kwana muna tashi da katafila a mararraba, ba mu san abin da za a yanke ba. Daga ƙarshe aka bar ruwan jima a arewa, aka gina masa lambatun siminti mai murfi a gefen titi, aka ci faɗin hanyar ta wajenmu. Gida shida suka rasa sorayensu. Rijiya bakwai aka cike, goma sha shida suka tsira, aka ɗaure musu baki da siminti. Ranar cike tamu Malam Uwaisu bai turo leburori su kaɗai ba. Ya zo, ya karɓi shebur, ya yi bisimilla ya zuba ta farko da hannunsa. Inna ta shige ɗaki ta ja labule. Ta yi kusan shekara biyu in an ambaci sunansa sai ta tashi daga wurin.

Ba a kore shi ba, Injiniya Alhassan ya tsaya masa. Amma an ba shi takardar gargaɗi, an tsayar da ƙarin girmansa, an mayar da shi lambatun Bompai. A matakin da yake a 1979, a nan ya yi ritaya. Waɗanda ya koya wa riƙe ludayi suka zama masu sa hannu a takardar hutunsa. Mu kuma, da za mu je mu gode masa? Waɗanda aka yanke wa soro suka ce shi ya jawo, waɗanda aka cike wa rijiya suka ce dama sun faɗa, waɗanda suka tsira suka ce Allah ne ya tsare, wanda gaskiya ne, amma ba su tambayi ta hannun wa ba. Ni da na zage shi a bainar jama'a, sai da na shekara huɗu kafin na iya tare kekensa na ba shi haƙuri. Ya ce ya manta, ya tambaye ni ko yarinya ta fara zuwa makaranta.

Tsoron dai bai bar ni ba. Damina uku da suka wuce an yi wani ruwa mai ƙarfi, lambatun arewa ya cika ya tumbatsa ta wata tsaga, baƙin ruwa ya malalo kan kwalta har tsakiyar titi ya tsaya. Muka fito muka jeru a ƙofofinmu muna kallonsa. Na san kowa na auna taku shidan nan a ransa. Har yau ina sansana guga kafin in sha.

Malam Uwaisu, kai ne ka gan mu sarai ka bar mu muna tsammanin mun fi ka wayo, don kada 'ya'yanmu su sha kogi. Kai ne ka rubuta laifinka da hannunka ka kai inda za a hukunta ka, don a zo a ga namu ruwan. Kai ne ka tsaya taku biyu daga tabarma, abincin 'ya'yanka shida na ƙarƙashinta, ka riƙe hannunka a baya saboda ka yi alkawari. Mai keken bakin lambatu, mai gaskiya ko da za ta ci shi. Ka faɗa wa tsohuwa cewa za ka cike rijiyar mijinta, a daidai lokacin da ƙarya ɗaya za ta fisshe ka, kuma na yi imani da ka yi ƙaryar da ba ta buɗe ba. Mun gode. Mun makara ƙwarai, amma mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya shayar da kai a ranar ƙishirwa, Ya jiɓinci lamarin zuri'arka.

Ku kuma masu zana hanyoyi a ofis, ana ta faɗaɗa tituna a garin nan kuma za a ci gaba. In takarda ta ce muku babu rijiya a unguwar da ba ta da famfo, ku sauka daga mota ku tambayi kanku me mutanen ke sha. Ku zaunar da su ku gaya musu dalilin tambayarku kafin ku tambaya. Ku nemi ƙaramin ma'aikacin da ya shekara goma yana taka wurin da ƙafarsa, ku ba shi kujera. Mu talakawa kuma mu rage ɓoye wa mai rubutu gaskiya, domin mu mun kusa haƙa wa 'ya'yanmu kabari da tabarma da barkono. Matasan da ke shiga aikin tsafta yanzu, ga wanda za ku kwaikwaya, yana nan da ransa, ku je ku gaishe shi.

Safiyatu na aji uku yanzu, ita ke ɗebo mana ruwa daga rijiyar maƙwabta, kuma ruwan garau yake. Inna ta tsufa, ido ya yi rauni, taɓarya ta fi ƙarfinta. Malam Uwaisu, lokacin da na gaya mata ka ajiye aiki kuma zan rubuta wannan, tana zaune ne a tsakar gida. Inda rijiyarmu take a da, an sare reshen darbejiyar da ya rufe shi, rana na sauka sosai, a nan take shimfiɗa tabarmarta. Sai ta ce in rubuta maka cewa ka zo ranar Juma'a ka sha ruwa, ba mai doka turmi. Ta ce kuma in gaya maka barkonon ya bushe.